Asusun ajiya na yaran lakwal: me za a auna kafin a ce ya taimaki karatu?

Jami'in shiri: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ga wata takarda ina son a duba mini kafin ta wuce gaba. Wata ƙungiya na shirin buɗe wa yaran CM1, wato aji biyar na firamare, asusun ajiya a lakwal 20 na Mirya da Magarya. Yaro ya kawo abin da ya samu kowane mako, ƙungiya ta ɗora masa kwatankwacin abin da ya zuba, kuɗin kuma na hidimar shiga kolej ne. Masu ba da kuɗin sun ce bayan shekara 3 a nuna musu ko abin ya taɓa karatun yaran. Abu uku aka rubuta za a auna: asusu nawa aka buɗe, kuɗi nawa aka tara, sai a kwatanta makin yaran da suka yi ajiya da na waɗanda ba su yi ba. Ya wadatar?

Dakta, mai ƙididdiga: Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, ƙanena, na ukun ma shi ya fi haɗari. Na farko da na biyu lissafin ma'aji ne, suna nuna ko shirin na tafiya, ba ruwansu da karatu. Na ukun kuwa zai ba ku amsa mai daɗi ko da asusun bai tsinana komai ba. Wane yaro ne ke zuwa da sefa 100 kowace Litinin? Wanda ubansa ke da tebur a kasuwa, ko uwarsa na cikin adashe, ko yana da wa a Kano ko Libiya da ke aiko da ɗan abu. Wannan yaron tun kafin ku zo yana da kaye da bik, kuma ba ya zuwa aji da yunwa. In ya fi maƙwabcinsa maki, gidansu kuka auna.

Akwai adadin da ake yawan kawowa daga Amurka, cewa ɗan talaka mai ajiyar karatu ko da ba ta kai dalar Amurka 500 ba ya ninka marar ajiya sau 3 wajen shiga jami'a. Adadin ya fito ne daga bin gidajen da su da kansu suka buɗe wa ƴaƴansu asusu. Gidan da ya yi tunanin jami'a har ya buɗe asusu, da ma can gidan da zai tura yaro jami'a ne.

Jami'in shiri: To Dakta, da wa za a kwatanta?

Dakta, mai ƙididdiga: Da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba. Abin da aka yi ke nan a jihar Oklahoma a 2007, ƙarƙashin Michael Sherraden na jami'ar Washington da ke Sent Luwis. An ɗauki jarirai kimanin 2,700, aka raba su biyu da ƙuri'a. Rabi aka buɗe musu asusu kai tsaye da dalar Amurka 1,000, rabi ba a ba su ba. Tunda ƙuri'a ce ta raba, gidaje masu hali da marasa hali, masu himma da masu sakaci, duk sun watsu a ɓangarorin biyu. Ku lura da abin da suka fara gani: ba maki ba ne, yaran ma ba su isa makaranta ba. Da yaran suka kai shekara 4, an ga iyaye mata na ɓangaren asusu sun fi sa ran ƴaƴansu za su yi karatu mai zurfi, an ga ɗan bambanci a natsuwa da mu'amalar yaran gidajen talakawa. Amsar ko sun fi shiga jami'a sai an jira shekara 18. Ku shekara 3 gare ku, sai ku zaɓi abin da zai iya motsi cikin shekara 3.

Baba Sufeto, mai ritaya: Dakta, maganarka a takarda ba ta da aibu. Amma ka shiga aji mai yara 60 ka ce wa 30 ku an buɗe muku, ku kuma 30 ku zauna ku zama abin kwatance, kafin la'asar iyaye sun cika ofishin darakta, gobe maganar na gaban mai gari. Kuma ƴan uba biyu na iya faɗawa ɓangare daban-daban, ɗan uwargida ya samu, ɗan amarya ya rasa. Wa zai kashe wannan wutar?

Dakta, mai ƙididdiga: Gaskiyarka Baba, shi ya sa ba a raba aji. Lakwal ake sa wa ƙuri'a ɗungurungum. Raba aji ko ta fuskar lissafi ɓarna ce: malami ɗaya ke yi musu huɗubar tanadi, yaron da bai samu ba zai ba abokinsa ya zuba masa, ɓangarorin su gauraye, bambancin ya dushe.

Kuma ƙuri'ar lakwal ba baƙuwa ba ce a jihar nan. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an ɗauki lakwal 1,000 a Tawa da Damagaram, rabi aka ba COGES ɗinsu, wato kwamitin kula da lakwal, tallafin kuɗi ta ƙuri'a. An ga iyaye sun ƙara shiga harkar lakwal, amma makin yara bai ɗaga ba. Ba don an bar rabi a matsayin kwatance ba, da rahoton ya fito da hotunan taron iyaye a ce an yi nasara.

Baba Sufeto, mai ritaya: In dai lakwal ce gaba ɗaya, da sauƙi. Sharaɗina a yi ƙuri'ar a bainar jama'a: a ofishin sufeto, shugabannin COGES da na AME, ƙungiyar iyaye mata ta lakwal, na zaune, sunayen lakwal a ƙwarya, yaro ƙarami ya zaro. A rubuta, kowa ya sa hannu. In aka yi ta cikin kwamfuta a Yamai, duk wanda bai samu ba zai ce siyasa ce. Kuma a gaya wa waɗanda ba su samu ba shekarar da nasu zai zo, a cika alkawarin.

Dakta, mai ƙididdiga: Na yarda, da gyara ɗaya: nasu ya zo kan yaran CM1 na shekarun gaba, ba kan yaran da ake bi ba, in ba haka ba kwatancen ya mutu. Kafin ƙuri'a kuma a jera lakwal biyu-biyu masu kama: mai kantin da mai kantin, mai kolej a gari da mai kolej a gari, ta bakin kwalta da ta bakin kwalta. A zaro ɗaya daga kowane biyu. Da lakwal 20 kacal, ƙuri'ar kara-zube na iya tara duk masu kantin a gefe guda, ku auna tuwo kuna zaton asusu kuke aunawa.

Yanzu ga labari marar daɗi, lakwal 20 sun yi kaɗan. Yaran lakwal ɗaya kama suke da juna: malami ɗaya, rumfar zana ɗaya, yajin aiki ɗaya. Yaro na 30 a aji ɗaya ba ya ƙara maka sani kamar yaro na farko a wata lakwal. Ga lissafin. Ka ɗauki yawan yaran da za ka gwada a kowace lakwal, ka cire 1, ka ninka da ma'aunin kamanninsu, ka ƙara 1. Mu sa ma'aunin 0.2. Yara 30: 29 sau 0.2 ya ba da 5.8, a ƙara 1, 6.8. Lakwal 20 sau 30 yara 600 ne, a raba da 6.8, saura 88. Wato yaranku 600 nauyin yara 88 gare su. Don a gano canjin maki da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da aka saba gani tsakanin yara, wanda a harkar ilimi ba ƙaramin canji ba ne, ana son nauyin yara wajen 790. Wannan lakwal kusan 180 ke nan. In ka ninka yaran kowace lakwal zuwa 60, lakwal wajen 170 za ka buƙata, 10 kawai ka rage. Gwajin farko mai kyau yana rage adadin sosai, amma ba zai kawo shi 20 ba. Ba banza ba binciken ajiyar yara na YouthSave a Gana ya ɗauki makarantu 100, na Bridges a Yuganda 48.

Jami'in shiri: Innalillahi. Kuɗin da ke akwai ba zai wuce lakwal 20 ba.

Dakta, mai ƙididdiga: Lakwal ta kwatance ba ta cin kuɗin asusu, kuɗin ziyara kawai take ci. A ba 20 asusu, a ƙara 20 ko 30 na kwatance. Sa'annan kada ku yi alkawarin maki. Ku rubuta tun yau cewa babban ma'auninku ɗaya ne, ku ajiye takardar a hannun wanda ba na cikinku ba. In kuka auna abu 25, ko asusun bai yi komai ba ɗaya ko biyu za su fito da kyau don sa'a kawai, kuma su za a sa a bangon rahoto.

Madam, CM2: Ni in an tambaye ni babban ma'aunin, ba cin jarrabawar CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba ne, ba kuma sunan yaro a jerin waɗanda aka tura kolej ba. Ma'aunin shi ne: a watan Fabrairu na shekararsa ta farko a kolej, an je ba sanarwa, an same shi zaune a aji? Tsakanin jerin suna da benci nan yara ke zubewa. Yaro ya je a Oktoba, gidan da aka sauke shi ya gaji da ciyar da shi, kafin hutun Disamba ya koma ƙauye, sunansa na nan a rajista har Yuni.

Rajistar kiran suna kuma, don Allah kada a dogara da ita. Wasu malaman ranar Juma'a suke cike ta mako guda. In kuma aka ji cewa ƙarin kuɗin asusu na da alaƙa da zuwan yaro, rajistar lakwal masu asusu za ta yi tas, ba mai fashi ko ɗaya, ta kwatance kuma ta zauna yadda take. Ku aiko mai ƙirga ya ƙirga kawuna da jerin sunayen farko a hannunsa, sau uku a shekara aƙalla. Kuma a haɗa ranakun: in an je lakwal mai asusu ranar kasuwar garinsu, a je wa takwararta ranar tata kasuwar. Ƙirgar ranar kasuwa da ta washegari, ba ka ce lakwal ɗaya ba ce. Oktoba ma ba watan ƙirga ba ne, yara na gona ana yankan hatsi, rumfunan zana ba a kafa su ba sai an samu kara.

Baba Sufeto, mai ritaya: A rubuta ko malami na nan ranar ziyarar. Aji babu yara don malami ya tafi karɓar albashi daban, aji babu yara malami na zaune daban.

Hajiya, ta Mata Masu Dubara: Sannunku malamai. Ku kuna ta ƙirgar yara, ni tambayata kuɗin daga ina? Yaron CM1 ba shi da gona ba shi da akuya. Dala ashirin ɗin da zai kawo, ko uwarsa ta cire daga zubin asusun mata, ko daga kuɗin kalacinsa, ko yarinya ta ƙara zagaye ɗaya na talla. Mu tun 1991 da aka fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi mun san halin zubi: in aka buɗe sabon akwati mai ninki, tsohon ne ke ramewa. Mace mai wayo za ta kwashe daga inda ba a ninkawa ta kai inda ake ninkawa, kuma ba laifinta. Ku za ku ga asusun yaro ya cika ku yi murna, a gidan kuwa ko dala ba ta ƙaru ba sai abin da ƙungiya ta ɗora.

Dakta, mai ƙididdiga: Hajiya ta faɗi abin da aka gano a Gana da makarantu 135. An gwada tsarin Aflatoun, mai koya wa yara tanadi haɗe da zamantakewa, da wani mai koyar da tanadi zalla. Ajiyar yara a makaranta ta ƙaru, amma galibi kuɗin da suke ɓoyewa a gida ne suka canza wa wuri. A ɓangaren tanadi zalla har an ga alamar yara sun ɗan ƙara aikin neman kuɗi. Don haka tambayoyin gida su ƙunshi duk inda ake ajiya: adashe, asusun mata, dabba, kuɗin waya, hatsin rumbu. A kuma tambayi yaron, ba uwar ba, abin da ya yi jiya daga asuba zuwa kwanciya, a fitar da awannin talla, ɗiban ruwa da kiwo.

Hajiya, ta Mata Masu Dubara: Kuma mace ta tambayi mace, a ɗakinta, maigida ba ya tsaye. In ba haka ba amsar kowace tambaya "babu" ce.

Alhaji, ma'ajin asusu: Bari in sa baki ta fuskar kuɗin, don akwai inda shirin kan mutu kafin a kai ga aunawa. Mu ce yaro na zuba sefa 100 a mako, mako 36 in shekara ta cika: 3,600. An ninka, 7,200. CM1 da CM2, 14,400. Wannan yaron da bai yi fashi ko sau ɗaya ba ke nan, kuma irinsa ba su da yawa. Ribar ajiya da BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ta ƙayyade 3.5 cikin 100 ce a shekara, a kan 7,200 sefa 252 ke nan. Man babur ɗin da zai je ƙauye karɓar zubin mako ɗaya ya fi haka. Saboda haka babu cibiyar kuɗin da za ta so buɗe wa kowane yaro asusu nasa. Abin da ke yiwuwa shi ne asusu ɗaya na lakwal, sa hannu uku, da littafi mai shafin kowane yaro, yaro kuma da karne nasa. A nan ɓarnar take. Zubin Litinin ya kwana uku a aljihun mutum, ya ranta ya biya, wata rana ya ranta bai biya ba. Mai bincike ya ɗauki karne 10 ba zaɓe a kowace lakwal, ya gwada da littafi, ya gwada jimlar littafi da takardar cibiya. In ba su haɗu ba, ba asusu kuke gwadawa ba kuma, amana kuke gwadawa, kuma labarin kuɗin yara ya ɓata a gari ɗaya ya isa ya tsayar da zubi a garuruwa biyar.

Sai takardar haihuwa. In aka ce sai da ita za a shiga, kun tace yaran tun a ƙofa, ƴaƴan masu wayewa sun shige, sauran sun tsaya. A sa kowane yaro kai tsaye. Ko a jihar Men ta Amurka, inda ake ba kowane jariri dalar Amurka 500 kyauta, lokacin da sai iyaye sun cike takarda, wajen 40 cikin 100 ne suka karɓa, sai da aka mayar da shi kai tsaye a 2014.

Ustaz, Faranko-arab: Alhaji, sefa 252 ɗin nan da ka raina ita za ta hana wasu iyaye shiga, don kuɗin ruwa ce. Abin da ƙungiya ta ɗora kyauta ce, ba wanda zai yi musu a kai. A cire ribar a faɗa a fili ranar taron farko, liman na wurin. Kuma a tambayi waɗanda suka ƙi shiga dalilinsu, a rubuta daban-daban: babu kuɗi, rashin yarda da mai riƙo, shakkar halacci. Maganin kowanne daban ne.

Dakta, mai ƙididdiga: Wannan ya kawo mu ƙa'idar da aka fi karyawa. A lakwal mai asusu, duk yaron da ke jerin farko ana ƙirga shi a ɓangaren asusu, ko bai taɓa zuba dala ba. Ba a ware masu himma a kwatanta su da dukan yaran ɗaya ɓangaren, wannan komawa ne kuskuren farko ta bayan gida. Illar ita ce sakamakon na tsarma ruwa. A yara 100, in 40 suka yi ajiya, kuma cikin su asusun ya ƙara zama a kolej da kashi 10 cikin 100, abin da za ku gani a jimla 4 ne. Haka za ku rubuta, don shi ne abin da lakwal ke samu in an kawo mata shirin.

Baba Sufeto, mai ritaya: Ni fa har yanzu ban gamsu asusun zai motsa ko 4 ɗin ba. 14,400 za ta sayi kaye, bik, yadin tufafi, takalmi. Ba ita ke hana ɗan ƙauye zama a kolej ba. Abin da ke hana shi nisan kolej ne da wanda zai riƙe shi ya ciyar da shi wata tara. Ga ƴan mata ga maganar aure, ƙasar da binciken 2012 ya nuna 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18. An gwada a ƙasar nan, ta ƙuri'ar ƙauyuka, ba ƴan mata masu shiga kolej tallafin shekara 3 na masauki da abinci da kayan karatu, barin makaranta da aure duka suka ragu da kusan rabi. Wancan kuɗi ne mai nauyi. Wannan kuwa ɗan canji ne.

Hajiya, ta Mata Masu Dubara: Baba Sufeto, ban ƙi taka ba, amma kada a raina jika goma a watan Oktoba. Lokacin hatsi bai shiga kasuwa ba, bashin damina na wuya, uba ya ce bari a ga bayan kaka. Yaron da ya makara mako uku a shekarar farko ta kolej, Faransanci ya riga ya wuce shi. Kuma yarinyar da ke da karne da sunanta, uwarta na da abin faɗa in an zo maganar a cire ta.

Dakta, mai ƙididdiga: Saɓaninku shi ne ainihin tambayar. Baba na cewa nauyin kuɗi ne, Hajiya na cewa lokacinsa ne da sa rai da yake kawowa. Ana raba gardamar da ɓangare na uku: lakwal da ba a buɗe asusu, amma a ba kowane yaro daidai abin da ƙungiya za ta ɗora, a hannu, ranar komawa. In sun yi daidai da masu asusu, to wahalar littafi da babur ba ta da amfani. Sai dai ɓangare uku na son ƙarin lakwal, ku ba ku da su. Abin da za ku iya: ku rubuta duk abin da aka kashe, har man babur da lokacin malami, ku raba da yawan ƙarin yaran da suka zauna a kolej, a ga nawa yaro ɗaya ya ci, a ajiye kusa da na tallafin da Baba ya ambata.

Yuganda na da darasi ga ɓangarorin biyu. Binciken Fred Ssewamala kan marayu a yankin Masaka da Rakai ya ga ci gaba a jarrabawar ƙarshen firamare, amma can asusun tafe yake da ninki, da horon iyali kan sana'a, da masu jan yaran a jiki, ba a iya cewa asusun kaɗai ne. A gabashin ƙasar kuma masu bincike Karlan da Linden sun gwada makarantu 136: wasu yaran a mayar musu ajiyarsu da takardar sayen kayan karatu kawai, wasu da tsabar kuɗi. Masu tsabar kuɗin suka fi zubi, kuma inda aka haɗa da wayar da kan iyaye, su suka fi sayen kayan karatu, makinsu ya ɗan ɗaga. Masu takardar ba a ga komai ba.

Alhaji, ma'ajin asusu: Wannan ba abin mamaki ba ne. Kuɗin da aka ce ba ka taɓa shi ko ɗanka na kwance da zazzaɓi a watan Agusta, ba mai zuba shi da yawa. A bar ƙofar cirewa, a rubuta ranar da dalilin. Kulle ƙarin ƙungiya kawai za a yi.

Madam, CM2: In za a gwada karatun duk da haka, kada a ɗauki makin kompozisyon. Malamin da ya koyar shi ya tsara shi ya gyara, 6 bisa 10 a nan ba 6 bisa 10 ba ce a can. Jarrabawar ƙarshen firamare ma an taɓa soke ta aka dawo da ita, ba a gina awon shekara 3 a kan abin da doka ke iya canzawa. A yi gwajin baki, yaro ɗaya-ɗaya, minti 15: haruffa, kalmomi, ɗan gajeren labari da tambayoyi, sai tarawa, ɗebewa, rabawa. A fara daga ƙasa sosai. PASEC, jarrabawar auna karatu ta ƙasashe masu Faransanci, ta 2014 ta nuna ko 10 cikin 100 na yaran ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake so a karatu ba, ta 2019 wajen 30. In kuka kawo gwaji daidai da manhajar CM2, yawancin yara za su taru a sifili a ɓangarorin biyu, wanda ya tashi daga haruffa zuwa kalmomi ba za a gan shi ba. Umarnin a yi shi da Hausa, ko Barbarci ko Fulatanci inda ya kama.

Dakta, mai ƙididdiga: Kuma a gida za a yi gwajin ƙarshe, ba a aji ba. Dalili: a ce aji na da yara 50, ba shiri 10 mafi rauni za su fita, da shiri 4 kawai suka fita. In ka gwada waɗanda ke aji, lakwal mai asusu za ta fito da maki ƙasa da ta kwatance, don ta riƙe raunana 6 da waccan ta zubar. Nasara ta koma faɗuwa a takarda. Duk yaron da ke jerin farko a nemo shi, ko yana kolej, ko yana gona, ko tana ɗakin miji.

Nemowar ita ce rabin kuɗin binciken. In ɓangare ɗaya ya ɓatar da 20 cikin 300, ɗayan 70, sakamakon ya lalace, don waɗanda suka ɓace ba irin waɗanda suka zauna ba ne. Kuma kullum ɓangaren kwatance ke fin ɓata, tunda ba abin da ke ɗaure su da ku.

Baba Sufeto, mai ritaya: To a ɗauki bayanin da zai nemo yaro tun ranar farko. Sunan lakwal daban, sunan da ake kiransa a gida daban, a rubuta duka biyu, da na uwa, da na kaka, da unguwa, da lambar waya biyu waɗanda ba na gida ɗaya ba. Aji ɗaya na iya samun yara uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, a ba kowa lamba. Neman ƙarshe kuma kada a sa shi a Maris ko Afrilu, samari sun tafi cin rani, wasu an kai su allo Najeriya. Farkon damina suke dawowa noma, nan ake samunsu.

Jami'in shiri: Na gode ƙwarai, takardar ta canza kama. Abin da na rubuta yanzu: lakwal 20 masu asusu, 20 ko fiye na kwatance, ƙuri'a a bainar jama'a, kowane yaro a ciki kai tsaye, babban ma'auni samun yaro a ajin kolej a Fabrairu. Ƙuri'ar muna son yin ta farkon Oktoba don a fara zubi da wuri, gwajin farko ya biyo baya a Nuwamba.

Dakta, mai ƙididdiga: A'a, juya su. Jerin sunaye da gwajin farko su riga ƙuri'a. In gari ya san ya samu kafin a rufe jeri, za a dawo da yaran da suka bari, a turo na ƙauyen kusa, har a maimaita wa wani CM1 don ya shiga. Jerinku ya kumbura da yaran da babu irinsu a ɗaya ɓangaren. A rufe jeri tsakiyar Nuwamba, a gwada, a yi ƙuri'a a Disamba, zubi ya fara Janairu. Masu gwajin kuma kada su zama ma'aikatan da ke karɓar zubi.

Hajiya, ta Mata Masu Dubara: Janairu ya yi, lokacin akwai ɗan kuɗin gyaɗa da wake a hannun mata. Amma ranar fasa asusun kada ku sa ta Yuni don kawai lakwal na rufewa, kuɗin zai shige hatsin damina. A sa ta makon ƙarshe na Satumba, a gayyato mai kaye da tela su baje kaya a filin lakwal ranar, uwar yaro ta karɓa da hannunta yaron na tsaye. Mai ƙirgarku ya koma bayan mako biyu ya ce yaro ya buɗe jaka, ya ƙirga kaye nawa ke ciki, a lakwal masu asusu da marasa asusu duka.